Yadda ake shirya zaman da direbobi masu maye za su saurari waɗanda aka cuta

A Amurka wannan tsari ya samo asali a shekarun 1980, kuma MADD, ƙungiyar uwaye masu yaƙi da tuƙi a buge, ita ce ta fi yaɗa shi, wadda Candy Lightner ta kafa a 1980 bayan wani direba mai maye ya kashe 'yarta a Kalifoniya. Alƙali kan tura wanda aka kama yana tuƙi a buge ya je ya zauna, ya saurari mutum uku ko huɗu da irin laifinsa ya raba da ɗa, ko miji, ko ƙafa. Zaman ba ya maye gurbin tara ko ɗauri, ƙari ne a kansu. A Kumasi ba sai an jira kotu ba: reshen ƙungiyar direbobin haya ta GPRTU na tasha, ko shugabannin masu pragya, wato keken haya mai ƙafa uku, a unguwannin Aboabo da Asawase, suna iya sa wa direban da aka dakatar sharaɗin halarta kafin a bar shi ya koma lodi.

Aikin duka yana wajen zaɓen masu magana. A nemi wanda hatsarinsa ya yi aƙalla shekara ɗaya kuma shari'arsa ta ƙare, don abin da ya faɗa kada ya dawo gaban alƙali. Kada a kuskura a haɗa mutum da direban da ya cuce shi a ɗaki ɗaya. Wannan wani zama ne dabam, na sulhu, mai nasa shiri. Saboda haka a karanta wa kowane mai magana sunayen masu zuwa tun da sauran kwana uku, domin a zango kowa ya san kowa, kuma ɗan maƙwabci na iya faɗowa cikin jerin.

Sai a zauna da kowannensu a gida, ya gwada labarinsa sau ɗaya. Nan ake gano matsalar da ta fi yawa a wajenmu. Uwa za ta fara, ta kai minti biyu, ta ce "haka Allah ya ƙaddara, ni na yafe", ta yi shiru. Ba a yi mata gardama a kan imaninta, amma direban da ya ji wannan kaɗai zai tashi da sauƙi a ransa, bai ɗauki komai ba. A taimaka mata da ƙananan tambayoyi: Hajiya, wa ya kawo miki labari? Ƙarfe nawa? Me kika tarar a Gee, asibitin Komfo Anokye? Wa ya biya kuɗin magani, wa ke biyan kuɗin makarantar yaran yanzu? Takalmi ƙafa ɗaya da aka miƙo mata cikin leda a asibiti ya fi wa'azin awa guda shiga kunne. In tana so ta riƙe hoton mamacin, ta riƙe. Hotunan gawa da jini kuwa a bar su, kau da kai kawai suke sa mutane. Wanda har yanzu fushi ke cinsa, yana son ya zage su, a ba shi haƙuri zuwa gaba, domin wanda aka zaga kare kansa yake yi, ba saurare ba.

Wuri: ajin makaranta ko ɗakin taron unguwa. Ba masallaci ba, ba fadar Sarkin Zango ba. Musulmin da ke shan giya irin su akpeteshie ko bitas a ɓoye ba zai taka inda dattawa za su gan shi ba, in ma ya zo kunya ce za ta toshe masa kunne. Mutum 15 zuwa 25 sun isa. Masu magana su shiga ta wata ƙofa dabam, su zauna a gaba bayan tebur, da ruwa a kusa da wani ɗan'uwa a gefe.

A bakin ƙofa a gwada numfashin kowa, a nemi jami'in MTTD, wato sashen 'yan sandan hanya, ya zo da na'urar busawa, amma ya tsaya a waje. Lokacin da aka yi dokar hanya ta 2004, Act 683, an sa iyakar barasa a miligram 80 cikin mililita 100 na jini, sai dai a nan iyakar ita ce babu ko ɗigo. Wanda ya sha a mayar da shi, kuma kada a bar shi ya tuƙa. A karɓi wayoyi.

Mai jagora ya buɗe da minti biyar: ba ɗaukar hoto, ba katse magana, abin da aka ji a nan ya tsaya a nan. Kowane mai magana minti 10 zuwa 15, zaman duka kada ya wuce awa ɗaya da rabi. In akwai waɗanda yaren Tuwi kaɗai suke ji, a sa tafinta, a rage masu magana zuwa biyu. Tambaya ba a yin ta da baki, a rubuta ko a raɗa wa mai jagora, shi ya tace, don "to shi yaron me ya kai shi titi da dare?" tana iya rusa uwa a gaban jama'a.

Kada a ɗora wa zaman abin da ba zai iya ba. Binciken Amurka bai zo ɗaya ba: wani a jihar Jojiya ya ga an rage sake kamawa, wani a Niyu Meziko bai ga bambanci ba. Wanda giya ta riga ta kama, hawayen awa ɗaya ba za su sake shi ba, sai an haɗa shi da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Komfo Anokye ko wani wurin jinya. A rubuta sunayen mahalarta, a duba bayan wata shida da shekara ɗaya ko an sake kama wani.

Bayan an watse, a zauna da masu magana rabin awa, a ba su kuɗin mota, a kira su washegari. Wanda ya ce bai runtsa ba, ko ya kasa cin abinci, a hutar da shi wata biyu ko uku kafin a sake gayyatarsa.