Darasi na Bakwai: Yadda Ake Haɗa Yogot a Gida

Kayan haɗin yogot biyu ne rak: madara da iri. Irin nan ba wani abu ba ne illa ɗan yogot mai kyau da aka riga aka yi. A cikinsa akwai ƙwayoyin halitta masu rai waɗanda ido ba ya gani, su ne masu aikin. Suna cin sukarin da ke cikin madara su mayar da shi tsami, tsamin kuma ya sa madara ta kama jikinta ta yi kauri. Nau'i biyu ne ke aiki tare. Wani ɗalibin likita ɗan Bulgeriya, Stamen Grigorov, shi ya gano ɗaya daga cikinsu a 1905. Naku aikin shi ne ku ba su madara mai tsabta da ɗumi daidai, sannan ku ƙyale su.

Abin da za ku tanada

Madara lita 1, yogot cokali 2 na cin abinci, tukunya, ludayi, mazubi mai murfi, da tawul ko bargo. In madarar gari ce, ku dama giram 150 a ruwa lita 1. Mai maiƙo ta fi yin kauri da gardi. Ku wanke kayan da sabulu, ku ɗauraye da tafasasshen ruwa.

Wajen zaɓen iri ku buɗe ido. A samu sabo, marar sukari da kala da ƙamshi. Akwai yogot ɗin da kamfani ke sake dafawa bayan an gama shi don ya daɗe a waje ba firji. Wannan ƙwayoyinsa sun mutu, ko kwalba guda kuka juye madara ba za ta kama ba.

Dafa madara

Ku ɗora madara a wuta kaɗan kuna juyawa, don kada ta kama a gindin tukunya. In kun ga tururi na tashi, ƙananan kumfa sun jeru a gefen tukunya, ta kai wajen digiri 85 ke nan a ma'aunin Salsiyos. Ku rage wuta, ta yi minti 10 a haka. Dahuwar nan tana kashe ƙwayoyin cuta, kuma tana sa yogot ya fi kauri. Madarar da aka tatso kai tsaye daga dabba kuwa, dafa ta dole ne, domin tana iya ɗauke da cututtuka irin su tarin fuka.

Inda aka fi yin ɓarna

Yanzu a sauke ta huce. A nan ne yawancin masu koyo ke ɓata aikinsu, saboda gaggawa. Ƙwayoyin iri sun fi son ɗumin digiri 43 zuwa 45. In zafi ya wuce haka sosai sai su mutu, ku wayi gari ku tarar da madara tsululu yadda kuka bar ta. In kuma ta yi sanyi, aikinsu ya yi nawa, wasu ƙwayoyin da ba a so su samu damar shiga su lalata ta.

Wanda ba shi da ma'aunin zafi yana da yatsa. Ku wanke hannu, ku tsoma ƙaramin yatsa, ku ƙirga ɗaya zuwa goma a tsanake. In kun zare kafin goma don zafi, da saura. In kun kai goma kuna jin ɗumi sosai amma bai ƙona ku ba, lokaci ya yi. In ba ku ji komai ba, ta huce da yawa, a ɗan mayar da ita wuta. Mai sauri yana iya tsoma gindin tukunya cikin ruwan sanyi, amma ya riƙa gwadawa akai-akai.

Ku kwashe yanar da ta taru a sama. Ku ɗebi madarar rabin kofi, ku dama iri a ciki har gudaji su mutu, sannan ku juye a sauran, ku juya a hankali. Kada ku ce bari a ƙara iri don ya fi kyau. Yawansa tsami yake kawowa da tsinkewa.

A rufe, a ƙyale

Ku zuba a mazubi, ku rufe, ku nannaɗe da bargo, ku ajiye inda iska ba ta kaɗawa. Kular abinci ma tana riƙe ɗumi da kyau. Awa 6 zuwa 8 ya isa, lokacin sanyi yakan kai 12. Ban da buɗewa, ban da girgizawa. Leƙe-leƙen nan shi ke fitar da ɗumin.

In lokaci ya cika, ku ɗan karkata mazubin. Wanda ya yi zai motsa gaba ɗaya a dunƙule, in an sa cokali kuma gurbin ya tsaya bai cike ba. Ɗan ruwa mai launin rawaya-rawaya da kan taso a sama ba illa ba ne, a tsiyaye ko a juya shi ciki. A sa a firji awa 4 ya ƙara kamawa. Kafin kowa ya taɓa, ku ɗebi cokali 2 a mazubi mai tsabta, irin gobe ke nan. Sukari sai bayan wannan. A firji yana yin mako guda lafiya. In babu firji, a yi daidai wanda za a shanye a ranar, don tsaminsa ƙaruwa zai yi ta yi.

In bai yi ba

Ya ƙi kamawa? Ko zafi ya kashe iri, ko irin ya tsufa, ko ɗumi ya gudu da wuri. Madarar dabbar da ake yi wa allurar kashe ƙwayoyin cuta ma ba ta kamawa. Tsami ya yi yawa? Ya daɗe a ɗumi. In iri ya fara rauni bayan an juya shi sau da yawa, a sake sabo. Amma in kun ji wari, ko kun ga fumfuna, ko wani launi kore ko ja-ja, kada ku ɗanɗana, a zubar.

Aikin gida

Lita 1 tana cin iri cokali 2 da madarar gari giram 150. Ku lissafa na lita 3, ku rubuta a littafinku. In kun rufe yogot da ƙarfe 9 na dare, ƙarfe nawa zai cika awa 8?