Yadda za ka koyar da tarihin Babila da Farisa da toka, kara da yumɓu

Malam, idan darasin daulolin Mesopotamiya ya zo maka, kada ka fara da jerin sunayen sarakuna a kan allo. Yara za su kwafa, su haddace, bayan jarrabawa su manta wa ya riga wa. Ni a makarantar da nake koyarwa a cikin birnin Kano fitar da su waje nake yi, domin abin da ƙafa ta taka, hannu ya murza, shi ke zama a kai. Kayan aikin ba su da tsada: toka ko garin alli, gutsattsarin kwali, busasshen karan dawa, reza, da yumɓu kamar rabin bokiti. Yumɓun ka nema wajen masu ginin tukwane, kada ka tura yaro bakin kududdufi.

Ka fara da ƙasa da ruwa. Zana layi biyu da toka a filin makaranta, su taso daga arewa su haɗu a kudu kafin su faɗa teku. Dijla ke nan da Furat, ƙasar da ke tsakaninsu ita ce Mesopotamiya, mafi yawanta kuwa tana cikin Iraƙi ta yau. A kudu ruwan sama bai isa noma ba, sai an haƙa magudanai an ja ruwan kogi zuwa gonakin sha'ir, aikin da mutum ɗaya ba ya iyawa. Daga nan shugabanci da haraji da lissafi suka samo tushe. Dutse da katako sun yi ƙaranci, saboda haka da tubalin laka suka gina birane irin su Uruk da Ur. Wannan ba ya bukatar dogon bayani ga yaron Kano, ya ga yadda badala ke zaizayewa ta koma tudu idan aka bar ta ba yaɓe. Haka biranen can suka zama tuddai, sai da masu tono suka buɗe su.

Daga nan sai lokaci, wanda shi ne ya fi rikita yara, tunda shekarun kafin haihuwar Annabi Isa (AS) raguwa suke yi maimakon ƙaruwa. Ja dogon layi, ka ce kowane taki ɗaya shekara 100 ne. Mafarin layin shi ne wajen shekara ta 3200 kafin haihuwar Annabi Isa, lokacin da rubutu ya bayyana a Uruk. Tsayar da yaro riƙe da kwali a kowane zango. A kusan taki na 9 Sargon na Akkad, wajen 2334, wanda ya haɗa biranen Sumer, wato kudancin Mesopotamiya, ƙarƙashin mulki ɗaya. A taki na 14 Hammurabi na Babila, 1792 zuwa 1750. Daga nan tafiya ce mai nisa har taki na 26, inda abubuwa suka cushe: faɗuwar Nainawa, babban birnin Assuriyawa, a 612, sarautar Nebukadnesar a Babila daga 605, shigar Sairus sarkin Farisa Babila a 539. A taki na 29 Iskandar na Makidoniya ya rushe daular Farisa. Kada ka tsaya nan. Ci gaba zuwa taki na 32, haihuwar Annabi Isa, na 38 Hijira, na 42 Bagauda a Kano, na 52 kuma mu. Ka bar su su waiwaya su gani da idonsu cewa tsakanin rubutun farko da Annabi Isa ya fi tsakaninsa da mu nisa.

Aikin yumɓu ka ba shi darasi guda cur, ya cancanta. A tsince tsakuwa, a cuɗa shi har ya daina manne wa hannu, kowane yaro ya yi ɗan allo girman tafin hannunsa. Kai za ka fere karan da kanka: tsaga shi, ka gyara bakinsa ya fito da kusurwa mai kaifi. Ka nuna musu cewa dannawa ake yi a ɗaga, ba a jan layi, shi ya sa kowace alama take fita da kai mai faɗi da siririyar jela. Da lambobi za ku fara, kuma haka tarihin ya zo, domin mafi yawan allunan farko lissafin hatsi da dabbobi ne. Alama a tsaye ɗaya ce, alamar kusurwa goma. Ka ce su rubuta tumaki 23: kusurwa biyu, tsaye uku. Idan hannu ya faɗa, sai ka kawo 75. Mutanen Babila da sittin-sittin suke ƙirga, don haka tsaye ɗaya a hagu yana nufin 60, a bar ɗan fili, sannan kusurwa ɗaya da tsaye biyar. A nan nake nuna musu agogon bangon aji, in ce minti 60 ɗin nan da daƙiƙa 60 gadon mutanen nan ne. A shanya allunan a inuwa. Rana tana fasa su, iskar hunturu ma haka, sai a rufa musu tsumma.

Hammurabi kuwa da shari'a ake koyar da shi. Dokokinsa 282 ne, an sassaƙa su a kan baƙin dutse da aka tono a Susa, cikin Iran ta yau, a 1901, yanzu yana gidan tarihi na Louvre a Faris. Zaɓi uku kawai, ka naɗa alƙali da masu ƙara a cikin yaran. Ta farko: wanda ya yi sakaci da madatsar gonarsa har ruwa ya ɓalle ya cinye amfanin maƙwabta, shi zai biya hatsin. Ta biyu: maginin da ya yi gini mara ƙwari ya rushe ya kashe mai gida, kisa ne hukuncinsa. Wannan tana tayar da muhawara mai zafi, don babu yaron da bai taɓa jin labarin rushewar gini da damina ba. Ta uku ita na fi so su yi tunani a kanta: wanda ya tsiyaye idon mai daraja a tsiyaye nasa, idan na talaka ne ya biya azurfa, idan na bawa ne ya biya rabin kuɗin bawan. Ka tambaye su ko wannan adalci ne, ka yi shiru ka saurara. Ra'ayina shi ne rubuta doka a fili inda kowa zai san hukunci tun kafin laifi babban ci gaba ne, amma bai kamata mu ɓoye wa yara cewa dokar ta fifita wani ido a kan wani ba.

Assuriyawa ba sa cin lokaci. Mayaƙa ne, sun kai har Masar a 671, suna kwashe al'umma sukutum su mayar da ita wata ƙasa don kada ta yi tawaye. Nainawa tana tsallaken kogi daga Mosul, kuma yaranmu sun san ta ta ƙissar Annabi Yunus (AS). Sarkinsu Ashurbanifal ya tara alluna wajen 30,000, wutar da ta ci fadar a 612 ta gasa da yawa daga cikinsu suka yi ƙwari. Bayansu Nebukadnesar sarkin Babila, wanda littattafan Larabci ke kira Bukhtanassar, shi ya rushe Ƙudus ya kwashi mutanenta zuwa Babila. Ka faɗa wa yara kai tsaye cewa waɗannan al'ummu gumaka suke bauta wa, muna karanta su ne don sanin abin da ya faru.

Da ka iso Farisa, tambaya ɗaya za ka riƙe: yaya ake mulkin ƙasar da ta taso daga Masar har bakin kogin Indus? Sairus ya bar mutane da harsunansu da addinansu, ya ƙyale Yahudawan da aka kwaso su koma gida. Dariyus, wanda ya hau a 522, ya raba daular zuwa larduna kusan 20, kowanne da gwamna da harajin da aka yanka masa, ya buga kuɗin zinariya, ya gyara hanyar da ta tashi daga Sardis, cikin Turkiyya ta yau, zuwa Susa, kimanin kilomita 2,500. Matafiyi a ƙafa yana cin wata uku a kanta, manzannin sarki kuwa ba sa cika mako biyu, saboda a kowane zango akwai hutaccen doki da sabon mahayi. Gwada wannan a fili: yaro ɗaya ya zagaya makaranta da wasiƙa shi kaɗai, wasu shida su yi ta miƙa wa juna, a duba agogo. Sannan ka sa su kwatanta hanyar Assuriyawa da ta Farisawa, su faɗi wadda suke ganin ta fi riƙe jama'a, da dalilinsu.

Akwai tambayar da ba ta wuce ka a Kano: shin wannan Sairus shi ne Kisra da Manzon Allah (SAW) ya aika wa wasiƙa? Ba shi ba ne. Daular Sairus da Dariyus ta ƙare a hannun Iskandar, wanda ya ci yaƙin Gaugamela a 331, aka ƙone Fasifolis, birnin fadar sarakunan Farisa, a 330. Kisran zamanin Annabi daga gidan Sasaniyawa yake, wata daular Farisa ce daban da ta zo daga baya, ita ce ta yi ta gwabzawa da Rumawa, a zamaninta kuma aka haifi Salmanul Farisi. Mayar da mai tambayar kan layin toka, ya tsaya inda Sairus yake, ya taka har Hijira yana ƙirgawa da ƙarfi. Zai sami taki 11 da ɗoriya, wato sama da shekara 1,100.