Yadda ake gano man da ba a saba gani ba a cikin gansakuka

A Damagaram, gansakuka ta gaske sai damina ta zauna, wajen Agusta, ake samunta a bakin rijiya ko a gindin dutse inda rana ba ta duka. Ka sa madubin ƙara girma tukuna. In ba ka ga ɗan kara da ƙananan ganye ba, koren tsiron ruwa ne mai santsi da ake kira alga, kuma nasa man zai ɓata maka lissafi. Tsince ta da hantsaki, ka wanke ƙasar sau uku.

Kada ka shanya ta. Zafin nan namu yana lalata asid ɗin mai guda biyu, arakidonik (20:4, wato sarƙar karbon 20 mai ɗauri biyu-biyu a wuri 4) da EPA (20:5), waɗanda gansakuka ke da su amma gero da dawa ba su da su. Jefa giram 1 cikin isopropanol mai zafin digiri 75 na minti 15 don kashe sinadaran da ke farfasa mai, da ɗan BHT, sinadarin da ke hana iska lalata mai, kashi 0.01 cikin ɗari. Sannan ka niƙa da kloroform da metanol, biyu bisa ɗaya, mililita 20, ka zuba ruwan gishiri mililita 4, ka kwashe sashen ƙasa. Kwalba kaɗai, roba tana zubar da datti da ke fitowa a nauyi 149 a na'urar awo.

Dafa man da metanol mai asid sulfurik kashi 2, digiri 80, awa guda, don ya koma siffar metil esta, ka ɗebe da heksan zuwa na'urar GC-MS, wadda ke rarrabe sinadarai ta auna nauyinsu. Arakidonik zai nuna nauyi 318, EPA 316.

Inda ake tuntuɓe shi ne 288. Yana iya zama dikranin, asid mai karbon 18 da ɗauri uku-uku a wuri na 6 da ɗauri biyu-biyu a 9, 12, 15, wanda aka sani a nau'o'in gansakuka Dicranum scoparium da Ceratodon purpureus. Amma asid 18:5 ma nauyinsa ke nan, kuma a wannan siffa ɗaurin yana yawo cikin na'ura, ba ya nuna mazauninsa. Sai an mayar da man zuwa DMOX, siffar da ke bayyana mazaunin ɗauri: a dafa da 2-amino-2-metil-1-propanol a digiri 180 kwana guda, kwalba a toshe, an kori iska da nitrojen. Tazarar nauyi 14 tsakanin gutsattsarin da na'ura ke nunawa sarƙa ce lafiyayya, 12 ɗauri biyu-biyu ne, 10 kuwa ɗauri uku-uku.