Kafin ka sayo wa tsohonka maganin mantuwa da aka gwada a kan ɓeraye

Tun da gigin tsufa ya kama Baba, har ya kai yana kirana da sunan ƙaninsa marigayi, mako ba ya wucewa wani ɗan'uwa bai turo min labarin ganye ko saiwar da "masana suka gano" ba. Ga yadda nake tace su yanzu.

Da farko ina duba ko a kan ɓera aka yi gwajin. In haka ne, sai in rage murna. Ɓera ba ya kamuwa da cutar Alzheimer, mai kawo gigin tsufa, haka kawai. Sai an dasa masa ƙwayoyin gadon mutum, sannan wani sinadari mai daskarewa, amiloyid, ya taru masa a ƙwaƙwalwa. Akwai irin ɓeran da ake kira 5xFAD, tun yana wata 2 yake fara tarawa. Baba kuwa sai da ya haura 70 hanyar masallaci ta fara ɓace masa. Gwajin ma ai na ninƙaya ne: a saka ɓeran a baho mai gurɓataccen ruwa, a ga ko zai tuna inda aka ɓoye ɗan dandamalin da zai hau ya huta.

Sai in bincika ko an kai ga mutane. Kurkur ne ya koya min wannan. A 2001 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya ta Los Anjeles sun nuna sinadarinsa, kurkumin, ya rage amiloyid a ƙwaƙwalwar ɓeraye. Da aka ba marasa lafiya 36 na tsawon mako 24, sakamakon da ya fito a 2012 bai nuna wani sauƙi ba, ga shi hanji ba ya tsotsarsa sosai. Ganyen ginkgo, wata bishiyar ƙasar Sin, ma haka: tsofaffi sama da 3,000 a Amurka, wajen shekara 6 ana bin su, a 2008 aka ce bai hana mantuwa ba.

Lissafin awo ka yi shi da biro. Raba abin da aka ba ɓera a kowane kilo da 12.3, ka ninka da nauyin mutum. Miligiram 100 a kowane kilo na ɓera ya zama kusan miligiram 490 ga mutum mai kilo 60, kuma tataccen sinadari ake nufi, alhali garin kurkur na kasuwa kusan kashi 3 cikin 100 ne kurkumin ɗinsa.

Ba raina itatuwa nake ba. Galantamine, maganin da likitoci ke rubuta wa masu Alzheimer, daga fure aka samo shi, amma sai da ya ci jarrabawar mutane.

Kwalbar da aka kawo muku kuma, kai wa likita ya karanta, musamman in tsohon yana shan warfarin (maganin tsinka jini) ko asfirin, don ginkgo na iya jawo zubar jini. Ka roƙi a auna masa bitamin B12, ƙarancinsa kaɗai kan kawo mantuwa, kuma yana da magani. Na Baba an auna, lafiya lau yake. Kurkur dai Inna tana ci gaba da barbaɗa masa a shinkafa, don yana son kalar.