Babi na Huɗu: Tantabara, Launin 'Yan Shila da Littafin Mai Kiwo

Darasi na 1: Littafi da tukunya

Tantabara ba baƙuwa ba ce a gidajen Daura. Da yawanku, iyayena da yayyena, kun riga ni sanin kiwonta, kun san geron da take so da inuwar da ake rataya mata tukunya. Abin da wannan babi zai ƙara muku shi ne rubutu, yadda za ku riƙa ajiye labarin kowace tukunya a takarda har ku gane daga ina launin ɗan shila ya fito, wani lokaci ma ku san namiji ne ko mace tun bai bar tukunya ba.

Ku nemi littafi mai layi irin na 'yan firamare, da fensir, don in an yi kuskure a goge. Kowace takarda fuska biyu gare ta, kowace fuska kuma ita ake kira shafi. Tukunya ɗaya, shafi ɗaya. Ku ɗauki gawayi ku rubuta 1 a jikin tukunya ta farko, 2 a ta biyu, haka har su ƙare. Lambar da ke jikin tukunya ita za ku sa a saman shafinta. Waɗanda suka yi karatun allo, hannunku zai ja ku zuwa dama. A boko daga hagu ake farawa, a tafi dama. Ba laifi in hannu ya karkace da farko, zai saba.

Ga yadda shafi zai kasance:

TUKUNYA 1
UBA: toka
UWA: ja
ƘWAI: 3 ga Maris
'YAN SHILA:

Darasi na 2: Uba a sama, uwa a ƙasa

Nan ne kowa yake tuntuɓe, don haka nan za mu daɗe. Layin farko na uba ne, layi na biyu na uwa. Ku faɗa da baki kafin ku rubuta: uba tukuna, sannan uwa. UBA da UWA harafi ɗaya ne ya raba su, na tsakiya. Na uba B ne, mai ciki biyu. Na uwa W ne, mai tsini biyu a ƙasa. Ku ɗora yatsa a kan harafin tsakiya ku duba shi kafin ku sa launi a gabansa.

To yaya za ku san wane ne uban? Kada ku dogara da girman jiki ko kauri na wuya, suna ruɗar mutum. Ku bari sai sun fara kwanci. Tantabara ƙwai 2 take yi, tsakanin na farko da na biyu kusan kwana 2, kuma ita da mijinta suke raba kwancin. Namiji yakan karɓa da hantsi ya zauna har wajen la'asar, mace ta karɓa ta kwana a kai har gari ya waye. Saboda haka in kun dawo daga sallar azahar ku leƙa tukunya. Wanda ke kan ƙwai a lokacin, galibi shi ne uba. Ku rubuta launinsa nan take a layin UBA, a sama. Bayan isha'i ku sake leƙawa da ɗan haske. Wadda ke kai ita ce uwa, launinta ya tafi layin UWA, a ƙasa. Ku yi haka kwana biyu ko uku a jere don ku tabbatar.

Kada wani ya rubuta "ja da toka" a layi guda ya ce ai ya gane abinsa. Yau kun gane, bayan wata uku ba za ku tuna wane ne jan ba. Uba layinsa daban, uwa layinta daban.

Akwai kuma maganar amana. Tantabara takan riƙe miji ɗaya, amma inda suke da yawa wuri guda akan samu wani namijin ya taka ta. In kuna son sanin gaskiyar launi, ku ware miji da mata a kejinsu su kaɗai sati biyu kafin ƙwai. In macen ta fito daga hannun wani namiji ne kwanan nan, 'yan shilar farko kada ku sa su cikin lissafi.

Ranar da ƙwai na biyu ya sauka ita za ku rubuta a layin ƘWAI. Daga ita ku ƙirga kwana 17 zuwa 19. Wanda ya rubuta 3 ga Maris sai ya fara sa ido daga 20 ga wata zuwa 22.

Aiki: kowa ya cike shafi ɗaya, ya karanta wa na kusa da shi. Uba tukuna, sannan uwa.

Darasi na 3: Ja da toka

Toka ita ce tantabarar da kuka fi gani, mai zane biyu baƙi a kowane fiffike da baƙin layi a ƙarshen wutsiya. Ja kuwa iri biyu ne, kuma dole ku kama tsuntsun a hannu ku baza wutsiyarsa kafin ku rubuta. In jiki ja ne amma wutsiya da dogayen gashin fiffike sun yi haske, sun koma fari-fari mai toka-toka, ku rubuta JA MAI HASKEN WUTSIYA. In jan ya rufe ko'ina har bakin wutsiya, ku rubuta JA HAR WUTSIYA. Darasin yau a kan na farko ne kawai.

Ku saurara da kyau. In uba toka ne, uwa kuma ja mai hasken wutsiya, ɗan da ya fito ja namiji ne, wanda ya fito toka mace ce. Ɗa ya ɗauki launin uwarsa, 'ya ta bi ubanta. Gashi yakan fara tsirowa bayan kamar mako guda, kafin mako biyu launi ya bayyana. Ke nan ɗan shila bai iya tashi ba kun riga kun san wanda za ku ajiye don iri da wanda za a kai kasuwa.

Amma in aka juya, uba ne ja, uwa toka, wannan ƙa'ida ba ta aiki. Duka 'ya'yan suna iya fitowa ja, maza da mata. Ko kuma a samu ja a samu toka, kowanne da maza da mata a ciki. In kuna son sanin wanne zai faru, ku baza wutsiyar uban a rana. Namiji ja da ya ɓoye toka a jininsa yakan nuna ɗigo-ɗigo baƙi a wutsiya da fiffike, kamar an yayyafa masa tawada. Irin wannan uban shi ke haifar toka.

Kun ga dalilin da ya sa nake ta nanatawa? Launuka biyun nan dai su ne, ja da toka, amma sauya musu layi ya sauya amsar gaba ɗaya. Na karɓi littattafanku na duba, har yanzu akwai masu sa uwa a sama, akwai wanda ya bar layin uba babu komai ya ce wai ai kowa ya san shi. Haba jama'a! Littafin bai san shi ba. Mutum ya yi tafiya ya bar wa ɗansa kiwo, me yaron zai karanta? Don Allah ku koma darasi na 2, ku goge, ku gyara. Ba na jin daɗin tsawata wa wanda ya girme ni, amma wanda bai gyara wannan ba, abin da ke gaba ba zai amfane shi da komai ba.

Darasi na 4: Launin da ya ɓuya

Wani lokaci uba toka, uwa toka, sai ga ɗan shila ja har wutsiya, ko fari fat mai baƙin ido. Kada ku yi saurin cewa wani ne ya taka uwar. Waɗannan launuka suna ɓuya a jini, ba sa fitowa sai ɗa ya gaje su daga uba da uwa duka biyu. In iyayen biyu suna ɗauke da shi a ɓoye, kusan 1 cikin 4 na 'ya'yansu ne zai nuna.

A Amurka akwai masu kiwon wani maciji marar dafi saboda launukansa, suna kiran sa macijin masara. Ta wannan lissafin ne wani likitan fata, Bernard Bechtel, ya samu 'ya'yan macijin marasa baƙi a jiki, masu jan ido, a 1961. Su aikinsu da sauƙi, don macijiyar takan zuba ƙwai 10 zuwa 30 a lokaci guda, su ƙyanƙyashe cikin kamar wata biyu, mai kiwo ya ƙirga a zama ɗaya. Ku kuwa biyu-biyu tantabara take ba ku. Sai kun tara kwanci da yawa a shafi ɗaya kafin 1 cikin 4 ya fito fili, kuma ba zai fito ba in an rikita layin uba da na uwa.

Fari mai jan ido daban ne, ba ya gani sosai. Kada ku sake shi yawo, shaho zai ɗauke shi.

Darasi na 5: Gajeren gashi

Ranar ƙyanƙyasa ku duba gashin nan rawaya na jikin ɗan shila. In ɗaya ya fito da gashi dogo, ɗaya kuma kusan tsirara alhali yana da ƙarfi yana cin abinci, sau da yawa launinsa ne zai zo a dishe: maimakon ja ya yi rawaya, maimakon toka ya yi ruwan azurfa. In iyayen duka launinsu cikakke ne, wannan 'yar shila mace ce, kuma daga uba ta gado. Ku rubuta GAJEREN GASHI da kwanan wata.

Darasi na 6: Sayarwa

'Yan shila sukan bar tukunya bayan mako huɗu zuwa biyar. In za ku kai kasuwar Mai'aduwa ko ta cikin gari, ku kwafi layin uba da na uwa a 'yar takarda ku ba mai saye. A littafinku ku rubuta ranar sayarwa da kuɗin da aka biya a ƙasan shafi.

Aiki: ku zo da shafin tukunya biyu a cike ranar aji mai zuwa.