Daga Faranhait zuwa Kelbin: yadda ake haɗa fonksiyo biyu

Wasu na'urorin awon zafi da Faranhait suke ba da awo, ma'aunin da Amurka ke aiki da shi. Mu a Maraɗi da Selsiyus muka saba, a darasin fizik na lise kuma Kelbin ake nema. Zango biyu ke nan, kowanne da fonksiyonsa, wato ƙa'idar lissafi da ke karɓar lamba ta fitar da wata.

Ta farko tana karɓar Faranhait ta ba da Selsiyus: f(x) = 5/9 × (x − 32). Ta biyu tana karɓar Selsiyus ta ba da Kelbin: g(x) = x + 273,15. Haɗa su shi ne ka ɗauki abin da f ta fitar ka miƙa wa g:

g(f(x)) = 5/9 × (x − 32) + 273,15

A gwada da zafin rana irin na watan Afrilu, 104°F. Cire 32, saura 72. Ninka da 5, ya zama 360. Raba da 9, ka samu 40°C. Ƙara 273,15, amsa ita ce 313,15 K. Kelbin ba a sa masa alamar digiri.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne wadda za a fara da ita. A rubuce g ce ke gaba, amma f, ta ciki, ita ke fara aiki. Sai an ɓare gyaɗa ake kai ta niƙa. In ka juya, ka lissafa f(g(104)), za ka samu 191,75. Lissafin ya fita daidai, amma lambar ba ta da ma'ana, domin ka ƙara 273,15 a kan Faranhait, sannan ka miƙa wa f abin da ba nata ba.

Sai baka biyu, wato alamun ( ) da suka kewaye x − 32. Wanda ya buga 104 − 32 × 5/9 a waya ba tare da su ba, 86,2 zai gani, saboda na'ura ninkawa take fara yi. Kada kuma ka yi gaggawar mayar da 5/9 zuwa 0,55, don 72 × 0,55 yana ba da 39,6. Bar rabawa sai ƙarshe.

In kana son tabbatarwa, sa 32 da 212, inda ruwa ke daskarewa da inda yake tafasa. Dole 273,15 da 373,15 su fito.

Komawa baya kuwa, a kwance daga ƙarshe: cire 273,15, ninka da 9/5, sannan a ƙara 32.