RNA marar haɗa furotin da kansar hanta: inda ɗalibai ke yawan tuntuɓe

Har yanzu akwai ɗaliban da ke rubuta cewa RNA ɗin da ba ya haɗa furotin tarkace ne. Wannan magana ta tsufa. Gano microRNA, wato gajerun RNA masu danne haɗa wasu furotin, shi ne ma ya kai Victor Ambros da Gary Ruvkun ga kyautar Nobel a 2024.

Kuskuren da ya fi wannan illa shi ne a ga wani RNA ya yawaita a ƙarin hanta, nan take a ɗora masa laifin kansar. Yawaita kaɗai ba hujja ba ce, sai ka bi sawunsa ka nuna wanda yake dannewa. Ɗauki microRNA mai suna miR-21. Idan ya yi yawa yana rage PTEN, shi kuwa PTEN furotin ne mai zama birki ga PI3K/AKT, hanyar isar da saƙo a cikin ƙwayar halitta. Da birkin ya saki, AKT sai ya yi ta umartar ƙwayar halitta ta ci gaba da rabuwa, ta ƙi mutuwa. Wanda ya rubuta "miR-21 yana kunna AKT" ya tsallake tsakiyar labarin. Gyaran yana ɗakin gwaji: toshe miR-21, ka auna furotin ɗin PTEN kansa, kada ka tsaya a mRNA (RNA mai ɗauke da saƙon haɗa furotin), sannan ka duba ko AKT mai ɗauke da fosfet (wato wanda aka kunna) ya ragu.

Wasu kuma sai sun raba RNA gida biyu, nagari da mugu. To, ina za a sa miR-122? Shi ne kusan kashi 70 cikin 100 na microRNA ɗin hanta, yana raguwa a kansar hanta, sai cyclin G1, furotin ɗin da yake dannewa, ya samu sarari. Amma da shi ƙwayar cutar hanta nau'in C ke hayayyafa.

A kula da HepG2, layin ƙwayoyin halittar hanta da ake renonsu a ɗakin gwaji. Daga hepatoblastoma, wata kansar hanta daban da ta fi kama yara, aka samo shi, don haka a maimaita gwajin a wasu layukan kamar Huh7 ko Hep3B kafin a buga ƙirji.

Kada kuma babin ƙarshe na rubutun ɗalibi ya yi alƙawarin magani. An dakatar da gwajin MRX34, wani magani mai kwaikwayon miR-34a, a 2016 saboda mummunan martanin garkuwar jiki. A yankinmu, inda cutar hanta nau'in B da gubar aflatoksin ta gyaɗa da masara masu fumfuna ke kan gaba wajen jawo wannan kansa, abin da likita ke da shi a hannu ga mai haɗarin kamuwa shi ne hoton hanta da gwajin jini na furotin ɗin AFP duk wata shida.